MASHIGIN DA KE MAI DA MASU KOYON JITA BAYA

Kowace sana'a tana da mashiginta, watau wurin da ruwa ya ke da zurfi, inda a ke gane wanda zai haye da wanda zai juya gida. Ga mai koyon ɗinki, wuyan riga ne. Ga yaron makaranta, sau da yawa lissafin rabawa ne. Ga mai koyon kiɗan jita kuwa, wani kamu ne wanda a ke shimfiɗa yatsa guda bisa tsirkiya shida gaba ɗaya, a danne su, sauran yatsu kuma su kama nasu wurin. Turawa suna ce da shi bare, kalmar Faransanci ce, ma'anarta abin da aka gitta wa sanda. Mu a nan za mu kira shi gindaya, gama yatsan ya kan kwanta a wuyan jita kamar icen da aka gindaya a hanya.

Muna yin wannan bayani musamman domin malaman makaranta da akawunan ofis, waɗanda aiki ya kan kai su garuruwa irin su Gulma, ko Lailaba, ko Augie, inda ba lalle ne mutum ya sami gwanin da zai kama masa hannu ba. A kwalejin horon malamai mun sha ganin yadda abin ya ke gudana. Saurayi ya tara kuɗinsa ya sayi jita, ya koyi kamu uku ko huɗu masu sauƙi, har ya fara raka waƙa. Ran nan sai littafi ya ce masa ya kama F, ya danna, ya ji tsirkiya ta yi gum kamar an buga tsumma. Ya yi mako biyu yana fama, hannu ya yi tsami, sai ya yanke wa kansa hukunci ya ce yatsunsa gajeru ne, ko kuwa abin gado ne. Daga nan jita ta koma jikin ƙusa, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Kuɗi sun tafi, yaran ajinsa kuma sun rasa abin da zai sa waƙa ta zauna musu.

Abin da mu ke so mu nuna shi ne, galibin masu komawa daga wannan mashigi abu uku ke mai da su: jitar da ba a daidaita ba, da farawa daga wuri mafi wuya, da dogara ga ƙarfin damtse. Dukansu kuwa suna da magani.

TSIRKIYA BA BAƘUWA BA CE

Mutumin ƙasar Kabi ba ya bukatar a gaya masa abin da tsirkiya ta ke. Tun kaka da kakanni akwai molo mai tsirkiya uku, da garaya mai biyu wadda a kan kaɗa wa mafarauta, da gurmi, da goge da kukuma waɗanda a ke gogawa da izga. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya guda ya zaga duniya.

To, duk wanda ya taɓa zama kusa da mai molo ya ga abu biyu. Na fari, tsirkiyoyin ba tsawonsu ɗaya ba ne. Wadda aka ɗaure can ƙasa a jikin sanda ta fi gajarta, muryarta kuma ta fi siranta. Na biyu, molo ba shi da kunnuwan murɗawa. Da ɗaurin fata a ke riƙe kowace tsirkiya, makaɗi kuwa ya kan yi ta tura ɗaurin nan yana saurare, har sai kiɗa ya sauka daidai inda muryar mawaƙi ta ke. Makaɗin kirki ba ya tilasta wa mai waƙa ya shaƙe wuya don ya cim ma kiɗa. Shi ke zuwa ya tarad da shi.

Wannan shi ne dukan sirrin gindaya. In ka shimfiɗa yatsa a wuyan jita, kamar ka kwance ɗaurin tsirkiya shida ne ka sake ɗaure su a ƙasa, cikin ƙiftawar ido. In ka ɗaga yatsan, su koma yadda su ke.

Ita jita irin wadda mu ke gani yau, wani maƙerin kayan kiɗa na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, shi ya tsai da siffarta. Ma'aikatan jiragen ruwa, musamman Kuru na Laberiya, su suka yaɗa kiɗanta a bakin tekun Afirka ta Yamma, har a 1928 aka ɗauki makaɗan Kumasi a faifai a birnin Landan. Daga baya ta hauro Arewa, inda Bala Miller da ƙungiyarsa suka yi ta waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani a Kaduna. Ta gangaro kuma daga hamada a hannun Buzaye. Makaɗin nan na Nijar, Mdou Moctar, wanda jitarsa ta fari da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008. Ashe ke nan jita ta daɗe da zama 'yar gida.

ƊAN LISSAFI KAƊAN

Kafin mu ci gaba, sai mu sa wa abubuwa suna don mu fahimci juna. Tsirkiya shida ce. Mafi siranta, wadda ke kusa da ƙasa in an rungumi jita, ita ce ta 1, mafi kauri ita ce ta 6. A kan ɗaure su bisa sautin E, A, D, G, B, E, in an faro daga mai kauri. A jikin wuya akwai ƙarafa a gicciye, filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuwa za mu kira shi gida, kamar gidan dara. Can sama inda wuya ya haɗu da kai akwai ɗan ƙashi mai tsaga shida, shi ne dokin ƙofa. A bisa cikin jita kuma akwai jaki, wanda tsirkiyoyi su ke hawa, kamar dai jakin goge. In aka danne tsirkiyoyi aka kaɗa sauti uku ko fiye da suka dace da juna, Turawa su ce kod, mu mu ce kamu.

Malamin lissafi zai ji daɗin wannan. Daga dokin ƙofa zuwa jaki wajen santimita 65 ne. Kowane ƙarfe yana rage kimanin kashi ɗaya cikin 18 na tsawon da ya saura, shi ya sa gida na 1 ya fi faɗi, ya kai santimita uku da rabi da 'yan kai, sauran kuma su yi ta ƙanƙancewa. Ƙarfe na 12 a tsakiyar tsirkiya ya ke daidai. Tsirkiya ta 6 a sake tana kaɗawa sau 82 cikin daƙiƙa, in aka danne ta a gida na 12 ta kaɗa wajen sau 165, watau ninki biyu, sai ka ji sautin nan na farko ya komo da siririyar murya, kamar yaro ya amsa wa babba. Tsakanin nan akwai matakai 12, ko wane gida mataki guda.

Tun da haka ne, in ka kama kamun E ka zura hannu gida ɗaya, sautin tsirkiyoyin da ka danne ya hau mataki ɗaya, amma waɗanda ke sake suna nan inda su ke, sai kiɗa ya yi tsami. Maganin wannan shi ne a sami abin da zai hau da dukansu tare. Yatsa manuni shi ke yin wannan aiki, ya zama dokin ƙofa mai tafiya.

RIBAR DA KE BAYAN MASHIGI

Ga abin da mutum zai samu in ya haye. Siffar kamun E, in aka gindaya a gida na 1 ta zama F, a na 3 ta zama G, a na 5 A, a na 8 C, a na 10 D. Hannu bai sake siffa ba, zurawa kaɗai ya yi. In kuma aka ɗaga yatsan tsakiya, kamun ya juya daga mai haske, wanda a ke kira mejo, zuwa mai sanyi da juyayi, wanda a ke kira maino. Da siffa guda ke nan mutum ya mallaki kamu 24. Siffar kamun A ita ma haka ta ke: a gida na 2 B, a na 3 C, a na 5 D, a na 7 E.

Yawancin waƙoƙin makaranta kamu uku sun ishe su. A ce malam ya fara waƙa da siffar E a gida na 5, da siffar A a gida na 5, da siffar A a gida na 7, watau A da D da E. Sai ya lura 'yan aji shida, waɗanda muryarsu ta fara buɗewa, suna ta miƙa wuya ba su kai ba. Abin da zai yi kawai ya koma baya gida biyu, ya kama 3 da 3 da 5, watau G da C da D, waƙa ta sauko ta same su. Gobe in ƙananan 'yan mata ne masu siririyar murya, ya zura gaba. Wanda bai iya gindaya ba kuwa, tilas yara su bi shi inda hannunsa ya iya, ko da za su fashe maƙogwaro. Wannan ya sa malamin makaranta ya fi kowa bukatar wannan kamu.

Akwai wata riba kuma. Da ya ke duk tsirkiyoyin suna ƙarƙashin yatsu, in ka sassauta hannu kaɗan sauti ya ɗauke nan take, in ka danna ya komo. Da haka jita ta kan yi tsinke-tsinke irin na kalangu, ta ba masu tafi da masu amshi wurin shiga.

A DUBA JITA TUKUNA

Masunci ba ya shiga ruwa da fasasshen gora sa'an nan ya zargi hannunsa. Jitoci masu araha da yawa su kan fito daga shago tsirkiyarsu ta yi nisa da wuya, har gwani ma sai ya sha wuya kafin ya gindaya a kansu. Sabo da haka kafin ka yanke wa yatsunka hukunci, ɗauko abin awo.

Auna tsakanin ƙarfe na 12 da ƙasan tsirkiya ta 6. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, milimita biyu da rabi ya yi. A mai tsirkiyar nailan, wajen milimita huɗu. In ya zarce haka da yawa, jaki ya yi tsawo. A sassauta tsirkiyoyi, a zaro ɗan ƙashin jakin, a goge gindinsa a bisa takardar yashi da aka shimfiɗa a tebur. A tuna, in ana so tsirkiya ta sauko milimita ɗaya a ƙarfe na 12, sai an rage milimita biyu a jaki. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan ana gwadawa, gama abin da aka goge ba ya komowa.

Sa'an nan danne tsirkiya a gida na 3, ka leƙa tsakaninta da ƙarfe na 1. Ya kamata ratar ta zama kamar kaurin takarda. In ta kai a zura ashana, dokin ƙofa ya yi tudu, shi ne kuwa babban mai hana kamun F. Gyaransa aikin mai sanyin hannu ne, gara a kai wa wanda ya saba, a Birnin Kabi ko Sakkwato.

Sai maganar tsirkiya kanta. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, in an ɗaure su daidai, suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai wajen kilo 70, watau kusan buhu ɗaya da rabi na shinkafa mai kilo 50. Na nailan, waɗanda aka fara sayarwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba su cika wuce kilo 40 ba. Mai koyo ya nemi sirara, ko kuwa ya sassauta dukan shida da mataki ɗaya har hannu ya saba. Wayoyin hannu na yanzu suna da manhajar da ke nuna wa mutum ko ɗaurinsa ya yi daidai. Amma kada a kuskura a sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan, gama za ta tanƙware wuya ta ɓamɓare jaki.

Yanayin ƙasarmu kuma yana da nasa hukunci. Maƙeran jita sun fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Da damina a bakin fadama, katako ya sha laima ya kumbura, tsirkiya ta ɗaga, gindaya ta ƙara wuya. Da hunturu ya bushe ya motse, tsirkiya ta sauko tana ƙara, wani lokaci ma cikin jitar ya tsage. Da bazara kuwa zafin ɗakin kwano ya kan sassauta gam. A ajiye jita cikin jakarta, nesa da rana, in hunturu ya kama a sa ɗan jiƙaƙƙen soso cikin gidan sabulu mai huji a jefa cikin jakar.

DABARAR HANNU

Yanzu sai hannu. Muna magana bisa na-dama, wanda ke riƙe wuya da hagu. Bahago sai ya juya.

Abu na fari, yatsa manuni ba ya bukatar danne tsirkiya shida duka. A siffar E, yatsan tsakiya yana kan ta 3, na kusa da ƙarami yana kan ta 5, ƙaramin yana kan ta 4. Saura ta 6 da ta 2 da ta 1, su kaɗai ne nauyin manuni. A siffar A ma, ta 5 da ta 1 kaɗai ne. Mai koyo da yawa ya kan ƙare ƙarfinsa wajen danne tsirkiyoyin da wani yatsa ya riga ya ɗauke masa.

Na biyu, cikin yatsa tsoka ce mai taushi, ga kuma tsagar gaɓɓai inda tsirkiya ta kan faɗa ta yi shiru. Mirgina yatsan kaɗan, ya kwanta a gefensa na wajen babban yatsa, inda ƙashi ya ke kusa. In wata tsirkiya ta faɗa tsaga, ɗaga yatsan sama kaɗan ko ka saukar da shi.

Na uku, yatsan ya kwanta dab da bayan ƙarfe, kusa ƙwarai amma ba bisansa ba. Iyakar nisansa da ƙarfe, iyakar ƙarfin da zai ci.

Na huɗu, babban yatsa ya zauna a tsakiyar bayan wuya, wajen daidai da yatsan tsakiya, kada ya leƙo ta sama. Kan jita ya ɗan ɗaga, kada ya rataya ƙasa har wuyan hannu ya karye.

Na biyar shi ne mafi girma. Dubi mai tuƙa kwalekwale a Gulbin Kabi. Da zai dogara ga matsar tafin hannu, da bai kai tsakiyar ruwa ba ya gaji. Bayansa da nauyin jikinsa ke tuƙi, hannu riƙo kaɗai ya ke yi. Haka gindaya ta ke. Tokare cikin jita a ƙirji da damtsen dama, ka saki kafaɗar hagu, ka bar nauyin hannu ya ja baya kaɗan. Gwani ya kan iya ɗage babban yatsa ɗungum, kamun kuwa ya fita sarai. Wanda ke matsa wuya kamar mai tatsar lemo, gindin babban yatsansa zai kama ciwo kafin minti biyu.

HANYA MATAKI MATAKI

Littattafai da yawa su kan fara gabatar da gindaya da kamun F, a gida na 1. Nan kuwa ne wuri mafi wuya a dukan wuyan jita, gama dab da dokin ƙofa tsirkiya ta fi taurin dannuwa, gidan kuma ya fi faɗi. Daidai ne da a jefa mai koyon iyo a tsakiyar gulbi cikin watan Agusta. Mu ga tsarin da mu ke ba da shawara.

Da fari, kama kamun E na kullum, amma da yatsu uku na baya, manuni yana sake. Yi haka 'yan kwanaki har yatsun nan su san wurinsu ba tare da ka duba ba.

Bayan wannan, je gida na 5. Danne tsirkiya ta 1 da ta 2 kaɗai da manuni, ka kaɗa su ɗai ɗai. In sun fita, ƙara ta 3. Kada ka wuce sai ka ji ko wace ta yi magana.

Sa'an nan haɗa su: gindaya a gida na 5, yatsu uku a siffar E. Ka fara aza yatsu ukun, manuni ya biyo baya. Kaɗa daga ta 6 zuwa ta 1, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi gum, kada ka ƙara ƙarfi, tsaya ka bincika dalili: ko tsaga ce, ko nisa da ƙarfe, ko kuwa wani yatsa ne ya jingina da ita. Gyara wannan guda, ka saki hannu, ka girgiza shi, ka sake kamawa. Kamawa da saki sau ashirin ya fi riƙo guda na minti biyar amfani.

In gida na 5 ya samu, koma na 4, sai na 3, sai na 2. Ran da ka iso gida na 1, za ka tarad da F ta yi laushi, kamar ba ita ce ta hana ka barci ba. Daga nan sai siffar A, sai kuma koyon sauyawa daga kamu zuwa kamu a kan kari. Sa wani ya riƙa tafi a hankali ƙwarai, ka sauya a kan tafi na huɗu, ko kamun bai fita sosai ba. Waƙa ba ta jiran hannu, kari kuwa ya fi tsabtar sauti muhimmanci a gaban aji.

Minti goma da safe, minti goma da yamma bayan an tashi aiki, kullum, sun fi awa uku ran Lahadi. Kan yatsu zai yi zafi kafin fata ta yi kauri, wannan ba kome, ɗan ƙasar Kanta ba ya gudun kanta. Amma in ka ji suka a wuyan hannu ko gindin babban yatsa, ko yatsu suka yi sanyi kamar ba naka ba, ajiye jita ka huta, ka sake duban zamanka. In ciwon ya ƙi tafiya, a ga likita. Wani ya kan haye cikin 'yan makonni, wani sai ya yi watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

MASU CEWA BA A BUKATA

Wani zai ce, ai akwai kapo, ɗan maƙalin nan da a ke ɗaurawa a wuyan jita ya danne tsirkiya shida, har ma a kan yi shi da fensir da roba. Gaskiya ne, muna kuwa yaba shi. Ya kan taimaki mai koyo ya raka waƙa tun kafin hannunsa ya nuna. Sai dai kapo ɗaurin fata ne, ba a matsar da shi a tsakiyar baiti, yatsa kuwa yana tafiya tare da waƙa.

Wani kuma zai ce, manyan makaɗan Sahel ba da gindaya suka yi suna ba. Wannan ma gaskiya ne. Ali Farka Toure na Mali, wanda ya rasu a 2006, da ƙaramin molo mai tsirkiya guda ya fara, ya ɗauko salon nan ya aza bisa jita: tsirkiya mai kauri tana gunji a ƙasa, sirara suna bin muryar waƙa ɗai ɗai. Buzayen Agadas ma galibi haka su ke yi. Wanda ya ke son wannan hanya ya kama ta da kyau, gama ita ta fi kusa da kunnenmu. Amma shi makaɗi mai waƙar kansa ya riga ya ɗaure jitarsa bisa muryarsa. Malamin makaranta kuwa yau yana gaban aji ɗaya, gobe yana gaban aji shida, jibi taron iyaye. Tilas ya iya zuwa inda ko wace murya ta ke.

Mun sani kuma akwai maganganun malamai game da kayan kiɗa masu tsirkiya. Wannan huruminsu ne, kowa ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu bisa abin da malaminsa ya karantar da shi. Maganarmu da wanda ya riga ya ɗauki jita ne domin waƙoƙin tsabta, da na lissafi, da na kishin ƙasa, tun da kiɗa yana cikin darasin al'adu da fasaha na makarantun firamare. Wanda ya ke jin kunyar a ce malam ya zama makaɗi, ya tuna da marigayi Malam Mamman Barka na Nijar, wanda ya rasu a 2018. Malamin makaranta ne, da gurminsa kuwa ya karantar da jama'ar da ta fi ƙarfin ɗakin aji.

KIRA GA MALAMAI

A ƙarshe muna roƙon shugabannin makarantu, inda akwai jitar makaranta a kulle cikin sito, a fito da ita, a auna tsirkiyarta, a gyara, a damƙa ta ga malami guda wanda zai kula da ita. Inda malamai biyu ko uku su ke koyo a gari ɗaya, su riƙa haɗuwa ko da sau ɗaya a mako, gama na gefe shi ke ganin karkacewar yatsa. Hotunan koyarwa na waya suna nuna hannun gwani, amma ba su iya gaya maka jitarka ce ta yi tudu.

Ga ɗalibanmu masu shirin fita aiki kuma, mu kan ce su riƙe tsarin nan ko bayan sun ajiye jita. In yaro ya tsaya cik a lissafin rabawa, a fara duba allonsa da idonsa da wurin zamansa. Sa'an nan a komo da shi inda ruwa bai kai gwiwa ba, a nemi tsirkiya guda da ta yi gum a gyara ta, kafin a ce ba shi da kai. Malamin da yatsunsa suka yi makonni suna ƙin bin umurninsa ya ɗanɗana abin da yaron nan ya ke ji, da wuya kuwa ya yi saurin ɗaukar bulala.

Allah ya ba mu haƙurin koyo da na koyarwa, amin.